Motar lantarki a Sakkwato: tambayoyi da amsoshi kan afdet da ba da sigina a raun

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da 'yan watanni ina hawa motar lantarki a cikin garin Sakkwato, kuma wallahi babu inda zan faka, ƙofar masallaci ne ko wajen ɗaurin aure ko bakin kasuwa, da wani ba zai leƙo ta gilas ya jefo min tambaya ba. Da can duk maganar caji ce da kuɗin batir, musamman bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 da kowa ya koma lissafin aljihunsa. Yanzu da masu irin motar sunka ɗan ƙaru, tambayoyin sun koma kan abu biyu da ke ci muna tuwo a ƙwarya, afdet ɗin da motar ke yi ma kanta, da kuma ba da sigina a shataletale, raun kamar yadda muke cewa a nan. Ga waɗanda anka fi yi min da abin da nake amsawa.

Wai Alhaji mene ne afdet ɗin nan, mota sai ka ce waya?

To kusan haka ne. A motar mai irin ta da, in ka taka totur wata waya ce ta ƙarfe ke jan kafireto, in ka murɗa sigina ƙarfe ne ke taɓa ƙarfe wuta ta wuce. A wagga kuwa duk abin da ka taɓa saƙo kake aika ma kwamfuta, ita ke yanke nawa za ta ja daga batir, yaya motar za ta rage gudu in ka ɗaga ƙafa, yaushe fanka za ta taso ta sanyaya batirin, yaushe sigina zai mutu. Manhajar da ke cikin kwamfutocin nan ita kamfani ke sauyawa daga nesa, ko ta layin da ke cikin motar ko ta wayfay ɗin gidanka. Tesla ce ta yi fice da wanga tun 2012 da motarta Model S, sauran sunka biyo sahu.

Kuma ba zan ɓoye alherinsa ba. A watan Disamba na 2023 an tilasta ma Tesla gyaran motoci sama da miliyan 2 a Amurka saboda tsarinta na taya direba tuƙi, kuma yawancinsu a ƙofar gidan masu su anka gyara su ta intanet, ba tare da sun je gareji ba. Mu da muke nesa da Legas da Abuja mun fi kowa sanin darajar gyaran da ba sai ka ɗora mota a tirela ba.

In gyara ne, to me ya sa masu motar ke ta ƙorafi?

Saboda ba gyara kaɗai yake zuwa da shi ba. Yana zuwa da sauye-sauyen da ba ka nema ba, kuma ba a tambaye ka ba.

Bari in ba ka nawa. Wani dare lokacin hunturu na ga saƙo a allon motar, na danna na yarda na shiga gida na kwanta. Da safe na kwashi yara zuwa makaranta, na fito daga Arkilla, ƙura ta rufe gari ko'ina fari fat, na zo zan karya kwana na kunna sigina, sai idona ya tafi inda ya saba ganin hoton kyamarar gefe, wadda ke nuna min in akwai ɗan kabu-kabu a jikina. Babu komai a wurin. Ashe sun mai da hoton can ƙasan allo inda hannuna ma ke kare shi in ina riƙe da sitiyari. Daƙiƙa biyu na yi ina nemansa, kuma daƙiƙa biyun nan idona ba ya kan titi, ga yara uku a baya. Bayan na sauke su na tsaya gefen hanya na fi minti ashirin ina laluben saitin, nan na gano har abin da ke riƙe mota cikin layi da na kashe tuntuni ya dawo ya kunna kansa, kuma yadda motar ke rage gudu in na ɗaga ƙafa daga totur ya ɗan ƙara ƙarfi.

Tuƙi abu ne da ke zama a jiki. Hannu ya san inda oda take, ƙafa ta san nauyin birki, ba sai ka yi tunani ba, shi ya sa direban da ya shekara ashirin a hanyar Illela zai iya hira da kai yana kauce ma rami. In anka zo cikin dare anka sauya ma abubuwa wuri, an mai da kai ɗan koyo ke nan a cikin motarka da ka biya kuɗinka. Ba mu kaɗai ba ne, a Disambar 2021 da Tesla ta fitar da manhajarta ta 11 masu motar a ƙasashen sanyi sun yi ta kuka don an tura abin share raɓar gilas da na ɗumama kujera cikin saiti, sai daga baya kamfanin ya ba su damar dawo da su fuskar allo.

Zan iya ƙin yi gaba ɗaya?

Za ka iya jinkirtawa, kuma ni yanzu haka nake yi. In saƙo ya zo ina barinsa sati ɗaya ko biyu, in karanta bayanin abin da ya ƙunsa, in ji daga bakin waɗanda sunka riga ni yi. Amma ƙi na har abada ban ba da shawara ba, don wani afdet ɗin na lafiyar batir ne ko na birki ko na toshe ƙofar da ɓarayi ke bi su buɗe mota, kuma wasu kamfanoni sun rubuta a takardar garanti cewa matsalar da ta taso saboda ƙin sabunta manhaja ba ruwansu.

In na yi bai yi min ba, ana iya komawa tsohon?

A mafi yawan motoci a'a. Tesla ma ta rubuta shi ƙarara a littafin motarta cewa ba a komawa baya. Shi ya sa kafin ka danna, ɗauki wayarka ka yi hoton kowane shafi na saitin motar, gobe in wani abu ya sauya kana da abin kwatantawa.

Yaya da gaske ne afdet na iya kashe mota ta ƙi tashi?

Yana faruwa, ko da yake ba kullum ba. A Nuwambar 2023 kamfanin Rivian na Amurka ya tura ma motocinsa manhajar da ba ita anka yi niyya ba bisa kuskure, allon wasu motocin ya daina aiki, sai da kamfanin ya fito ya amsa laifinsa ya sake turo gyara. Su can suna da inda za su kai ƙara da inda za su kai mota. Kai da ke Mabera ko Gawon Nama in allonka ya mutu da kai da Allah ne, saboda haka rigakafi ya fi magani.

Abin da nake yi shi ne, ba na afdet daren da zan yi tafiya da safe, ko Gusau ce ko Birnin Kebbi, ko ranar da ake da mara lafiya ko mai tsohon ciki a gida. Ina tabbatar da babban batir ya wuce rabi duk da wasu motocin ƙasa da haka ma suna yarda. Ina cire filogin caji, don wutarmu kun san halinta, a ɗauke a kawo a kawo da ƙarfi, ba na son tana wasa a jikin motar a lokacin. Ina yi da dare bayan isha'i in gari ya yi sanyi. Sannan wani abu da mutane ba sa tunawa, kada ka faka ta a bakin get, domin da zarar ta fara ba ta motsi sai ta gama, wani lokaci rabin awa wani lokaci fiye da awa, in ta toshe ma sauran motocin gida hanya kuma wani abu ya taso ka shiga uku. In ta fara ka ƙyale ta, za ka ga allo ya mutu, fitilu na walƙiya, ka ji ƙas-ƙas a ƙarƙashi, duk al'ada ce, kada ka yi ta buɗe ƙofa kana taka birki.

Sai ƙaramin batir. Da yawa ba su san motar lantarki na da ƙaramin batir mai bolt 12 irin na kowace mota ba, kuma shi ke riƙe da kwamfutocin. Zafin Sakkwato na cin batirin nan da wuri, in ya yi rauni ana tsakiyar afdet nan ne ake samun babbar matsala. In ya haura shekara biyu kai shi wajen mai batir ya auna maka.

Tawa daga waje anka kawo ta, tun da na saya ba ta taɓa neman afdet ba. Lafiya?

Yawancin motocin lantarkin da ke garin nan ba ta hannun dilan kamfani sunka shigo ba, 'yan kasuwa ne sunka ɗauko su daga Sin ko Amurka ko Dubai. Wadda anka ƙera don kasuwar Sin layin da ke cikinta na can ne, asusunta ma da lambar wayar can anka buɗe shi, tana isowa nan sai ta zama kurma. Wasu in ka haɗa su da wayfay suna karɓa, wasu ko ka haɗa ba za su karɓa ba.

Hattara da abu ɗaya. Akwai motocin da anka sa ma manhajar Turanci ta bayan fage kafin a sayar maka, don kada ka ga rubutun Sinanci ka gudu. Irin wagga in afdet na kamfani ya sauka a kanta yana iya share Turancin ka wayi gari ba ka iya karanta komai a allo. Ka tambayi wanda ya sayar maka tun farko, Turancin nan na kamfani ne ko sa shi anka yi. Kuma in tokumbo ce ka tabbatar an cire ta daga asusun tsohon mai ita, in ba haka ba wani na can wata ƙasa yana ganin inda motarka take a wayarsa, yana ma iya buɗe ƙofarta.

Wani abin da ke damuna shi ne in kamfanin ya mutu. Fisker ta Amurka ta karye a watan Yuni na 2024, masu motarta Ocean sai da sunka kafa ƙungiya da kansu suna neman yadda manhajar za ta ci gaba da aiki. Tsohuwar Fijo ko kamfaninta ya rufe bakaniken unguwa zai tada ta, wagga ba haka ba ce, don haka sunan kamfani da ƙarfinsa abin dubawa ne kafin ka zuba kuɗi.

Bayan afdet na ga kilomitan da take nuna min sun ragu, sun taɓa min batir ne?

Sau da yawa lissafi ne kawai ya sauya, batirin na nan yadda yake. Lambar nan da kake gani hasashe ne, afdet na iya goge abin da motar ta koya game da tuƙinka ta fara daga farko, ka ba ta sati biyu. In batirinka irin LFP ne, wanda ke cikin motocin Sin da yawa, cika shi ɗari bisa ɗari lokaci-lokaci yana taimaka mata ta daidaita lissafi. Kuma ka duba wata, in Afrilu ne ko Mayu da zafi ke wuce digiri 40, iyakwandishan da sanyaya batir kaɗai sun isa su cinye maka tafiya mai yawa.

Amma zargin ba daga sama ya faɗo ba. A 2019 wani afdet na Tesla ya rage ƙarfin batirin wasu tsofaffin Model S, masu motocin sunka kai ƙara, a 2021 kamfanin ya amince ya biya kowane ɗaya daga cikin mutum 1,743 dala 625 a Amurka.

Mu koma sigina. Wai akwai motar da babu sandar sigina sam?

Akwai. Tesla ta cire ta daga Model S da Model X a 2021, sannan daga sabuwar Model 3 a 2023, ta mai da sigina maɓallai biyu a fuskar sitiyari ta gefen hagu, ɗaya bisa ɗaya. A miƙaƙƙen titi babu damuwa, babban yatsa na kai. Matsalar a raun take. Sanda tana maƙale ne a wuyan sitiyari, ko ka juya sitiyarin sau nawa tana nan inda take, yatsa zai same ta ko a duhu. Maɓalli kuwa yana juyawa tare da sitiyarin. Kana tsakiyar raun ka karya hagu, lokacin da ya kamata ka ba da siginar fita ke nan, maɓallan da ke hagu sun koma dama, na sama ya koma ƙasa, dole ka sauke ido ka nema, kuma sauƙin danna na kuskure ya fi na daidai. A Amurka inda anka tsara motar raun ba su da yawa kamar Turai, shi ya sa kukan ya fi fitowa daga ƙasashen Turai irin su Ingila da Norway. A farkon 2024 har wasu makarantun koyon tuƙi a Norway sunka daina koyarwa da irin motar saboda wanga dalili.

Ni a ganina kuskure ne babba, kuma ba na ƙawa ba ne ko na son rai. Duk abin da direba ke buƙata alhali sitiyari na karye, to ya zama hannu na iya samunsa ba tare da ido ba.

To Malam yaya ma ake ba da sigina daidai a raun? Kowa da yadda yake yi.

Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama, saboda haka raun ana zagaya shi ne ka shiga ta dama tsibirin na hagunka, kuma wanda ke ciki shi ke da hanya, kai mai shigowa ka jira wanda ke zuwa ta hagunka ya wuce.

In hanyar farko za ka fita, wato dama, kunna siginar dama tun kafin ka iso ka riƙe gefen dama har ka fita. In miƙewa za ka yi, ka shiga ba sigina, da ka wuce bakin hanyar da ke kafin taka sai ka kunna dama. In hagu za ka ko za ka juyo inda ka fito, ka shiga da siginar hagu ka matsa kusa da tsibiri, ka bar ta tana yi har ka wuce hanyar da ke kafin taka, sai ka mai da ita dama ka duba madubi ka waiga kafaɗarka ta dama, sannan ka fita. Ka lura a duka ukun fita da siginar dama ake yi, kuma ita ce mafi muhimmanci, a Jamus ma ba a ba da sigina wajen shiga raun sai wajen fita kaɗai. Wannan ta fita ita ce kuma ta fi wuya a mota mai maɓalli, kuma ita ce manhaja ta fi kashe ma mutum.

Tawa tana da sanda amma sigina na mutuwa da kansa a tsakiyar raun. Lalacewa ce?

Ba lalle ba. A tsohuwar mota wani ɗan haƙori ne a wuyan sitiyari ke buge sandar ta koma in sitiyari ya dawo. A sababbi da yawa sandar tana komawa tsakiya nan take, kwamfuta ce ke kallon yadda sitiyari ya karye, wasu har da kyamara, ta yanke cewa ka gama kwana ta kashe. A raun kuwa ka karya dama ka shiga, ka karya hagu ka zagaya, ka sake karya dama ka fita, sai ta rikice ta ɗauka ka gama tun ba ka gama ba. Kuma tunda manhaja ce, afdet na iya sauya lokacin da take kashewa ba ka sani ba.

Wanga shi ya kusa jawo min abin da ba zan manta ba. Bayan la'asar ne a Raun Mai Ruwa, cunkoso, na kunna dama zan fita, na ɗan gyara sitiyari don in kauce ma wani keke napep, ashe nan ta kashe, ga hayaniya ga oda ban ji ƙas-ƙas ɗin ya tsaya ba. Wani yaro ɗan kabu-kabu na gefena na dama ɗauke da wata baiwar Allah da goyo a bayanta, shi a ganinsa zagayawa zan ci gaba da yi, sai ya taho zai wuce ta gabana daidai ina karyowa. Na take birki, kan mashin ɗinsa ya goga madubina, ƙafar jaririn da ke lilo ban fi taki ɗaya da ita ba. Yaron ya juyo ya ce, Baba ai ba ka ba da sigina ba. Na buɗe baki zan ce na ba da, na kalli allo na ga babu. Haƙuri na ba shi, na ba matar, na fita na samu wuri na tsaya har sai da hannuna ya daina rawa.

Tun ranar nake yin abu biyu. Na shiga saiti na kashe kashewar atomatik, ba duka motoci ke ba da damar ba amma ka duba taka. Sannan na ƙara ƙarar sigina, kuma duk bayan afdet sai na sake dubawa ko sun mai da shi. Ka kuma san bambancin taɓawa kaɗan da dannawa sosai, taɓawa kaɗan ƙyaftawa uku kawai take yi ta mutu, ta sauya layi ce, ba ta isa raun ba.

Amma Alhaji tsakani da Allah, a Sakkwato wa ke kallon sigina? Ai oda da hannu ake amfani da su.

Wagga magana ita ta fi ɓata min rai, kuma kullum sai an faɗa min ita. 'Yan kabu-kabu na kallon sigina fiye da yadda kuke zato, don su ba su da ƙarfe a kewaye da su, jikinsu ne bodi. Je ka tsaya a Dandima ko Gidan Man Ada da safe ka kalli idon mai mashin in ya zo raun, fitilar motar gabansa yake kallo da tayar gaba. Yaron nan da na ba ku labari bai ce min ban yi oda ba, cewa ya yi ban ba da sigina ba.

Kuma mu masu motar lantarki nauyin ya fi yawa a kanmu. Motar mai ana jin ta, ana jin direba ya saki totur ko ya ƙara wuta, mai mashin na karanta niyyarsa da kunne. Tamu shiru take, shi ya sa a Turai tun Yulin 2021 dole kowace sabuwa ta riƙa fitar da wani sauti in tana tafiya a hankali, amma sautin nan a hayaniyar bakin kasuwa ba ya zuwa ko'ina. Ga ta da saurin zabura, ka taɓa totur ta riga ta kai. Ga rage gudu da take yi da zarar ka ɗaga ƙafa ba ka ko taɓa birki ba. Duk alamomin da mutane sunka saba karantawa mun ɗauke masu, abin da ya rage tsakaninmu da su fitilar nan ce, haƙƙinsu ce a kanmu. Hannu ta taga kuma da gilas a rufe ana shan sanyi wa zai gani.

Ni in zan miƙe a raun sai in kunna sigina duka biyun, hagu da dama. Ba daidai ba ne?

Ba daidai ba ne, ko da yake ya zama al'ada a ƙasar nan. Fitilu biyun nan na haɗari ne, ma'anarsu motata ta lalace ko akwai matsala a gaba. Wanda ke gefenka ɗaya kawai yake gani, sai ya ɗauka kwana za ka yi ta wajensa. In miƙewa za ka yi bar su a kashe har lokacin fita.

Wani lokaci sitiyari na fizgata ko ta yi ƙara ta taka birki da kanta kusa da raun. Me ke kawo haka?

Tsarin riƙe layi ne da na birkin gaggawa. Kyamara na neman farin layi a titi, in ta ga za ka tsallake ba ka ba da sigina ba sai ta ɗauka barci ya kwashe ka ta ja ka ta mai da kai. A titunanmu da fenti ya goge, ko yashi ya kwanta a gefe ya yi kama da layi, tana yawan kuskure. Birkin kuma masu mashin da ke gilmawa dab da hanci ne ke tada shi. Lokacin hunturu ka riƙa goge gilas daidai inda kyamarar take bayan madubin tsakiya, da sauran na jiki, ƙura kaɗan na rikita ta.

Masu tambayar me ya sa in sun kashe tsarin yake dawowa, in motarka ta kasuwar Turai ce doka ce, tun Yulin 2024 duk sabuwar mota a Tarayyar Turai sai tana da gargaɗin gudu da riƙe layi na gaggawa, kuma su kunna kansu duk lokacin da anka tada mota. Ni na riƙe layi nake kashewa a cikin gari in kunna shi a babbar hanya. Birkin gaggawa kuwa ban taɓa kashe shi ba kuma ba zan ce kowa ya kashe ba, na rage masa saurin firgita ne kawai.

Akwai alamar kamfanoni za su gyara?

Sun fara jin jiki. Euro NCAP, masu ba motoci taurarin aminci a Turai, sun ce daga 2026 motar da ke son cikakken maki sai ta kasance da abin taɓawa na zahiri na sigina, fitilar haɗari, oda, waifa da kiran gaggawa. Ba doka ba ce amma babu kamfanin da ke son rasa tauraro. Volkswagen ta dawo da maɓallai na gaske a sitiyarin Golf. Tesla kanta da ta fitar da sabuwar Model Y a 2025 ta bar mata sandar sigina ba ta cire ba, kuma a watan Agusta na shekarar ta fara sayar ma masu Model 3 a Sin sandar a kan yuwan 2,499, abin da anka cire masu su sake saya da kuɗinsu. Akwai kuma sandunan da wasu ƙananan kamfanoni ke yi a ɗaura, suna aiki, sai dai a samu mai wayarin da ya san abin da yake yi, kuma ka sake gwada ta duk bayan afdet.

Wa zai duba min ita a nan Sakkwato in manhaja ta rikice?

Nan ne muke da gibi. Abin alfahari ne cewa tashar cajin mota mai aiki da hasken rana ta farko a Nijeriya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo anka buɗe ta a watan Afrilu na 2021, lokacin ɗan jihar nan Jelani Aliyu, wanda ya zana Chevrolet Volt a Amurka, yana shugabantar NADDC, hukumar kula da harkar ƙera motoci ta ƙasa. Amma caji daban, gyaran manhaja daban. Masu wayarin ɗinmu na da basira wallahi, sai dai na'urar da suke soka ma motar mai ba ta karanta rabin abin da ke cikin wagga, kuma wayoyin nan masu ruwan lemo na ɗauke da wutar da ke kashe mutum nan take, kada ka bari wanda bai koya ba ya taɓa su. Kafin ka kira kowa ka gwada kashe allo ka sake kunnawa yadda littafin motar ya ce, ko ka kulle ta ka yi nisa da makulli na minti goma sha biyar ta yi barci ta farka, matsaloli da yawa nan suke ƙarewa. In bai yi ba ka ɗauki hoton saƙon da ta nuna ka tura ma wanda ya sayar maka.

Kawu ina shirin saye, me zan duba game da waɗannan abubuwa biyu?

Ka tambayi mai sayarwa don wace ƙasa anka ƙera ta, tana karɓar afdet a nan ko ba ta karɓa, asusun zai koma sunanka ko a'a, kuma in allo ya mutu wa zai gyara a wane gari, ya rubuta maka a takardar ciniki. Sannan kada ka yarda da gwajin miƙaƙƙen titin bayfas, ko wace mota daɗi take a can. Ka ce a ba ka ita da yamma lokacin tashi daga kasuwa, ka kai ta raun ka zagaya sau uku, sau ɗaya ka fita dama, sau ɗaya ka miƙe, sau ɗaya ka juyo, ka sa ɗan'uwanka ya bi ka a baya bisa mashin ya faɗa maka ko fitilar ta kai ka har bakin fita kowane karo. Kana cikin zagayen ka gwada kunna waifa ka danna oda, ka ga ko sai ka sauke ido.